Agogon da Ya Koma Ƙarfe Ɗaya

Sakatar ɗakin Inna daga waje take, saboda haka ba ita ta buɗe wa kanta ba. Wannan kam kowa a gidan ya sani. Tsohuwa ce mai shekara tamanin da ɗoriya, mantuwa ta cinye mata har sunayen 'ya'yanta, ga ciwon suga. Sha biyu saura kwata aka tarar da ƙofar a wangale, ba Inna ba dalilinta.

Auta, ƙaramar 'yarta, sai wajen ƙarfe biyu labari ya iske ta, don in ta duƙufa kan mota ba ta ɗaukar waya. Sana'arta ke nan, gyaran motocin nan masu haɗa fetur da batir. A gareji Mai Bin Sawu suke ce mata, saboda ko noti ɗaya ba ta kwancewa sai ta bi lalura tun daga lambar da mota ta nuna har zuwa wayar da ta haddasa ta. Ta shigo gida da rigar aiki.

Tsakar gidan ba masaka tsinke. 'Yan haya na sama sun sauko, maƙwabta sun shigo, kowa ya zama alƙali. Sun ritsa Nas, matar da ke jinyar Inna, a jikin bango.

"Ita ce! Wa ya san wa ta sayar wa?"

"Dama ni idonta bai taɓa kwanta mini ba."

Mai faɗin haka kuwa shekaranjiya Nas ta duba mata hawan jini kyauta. Mutane ke nan.

Yaya, babban wan Auta, tsohon makanike, yana tsaye gefe, rigarsa sharkaf da gumi. Ya ce tun da ya dawo daga kasuwar kayan gyara yake zagaye unguwa, har kwalbatoci ya leƙa. "Ku ƙyale matar nan," ya ce da murya a dashe. Ba wanda ya saurare shi.

Sajan da aka kira ya riga ya fiddo ankwa. Auta ta sha gabansa.

"Yallaɓai, ka ba ni rabin awa. In ka tafi da ita, kowa zai koma ɗaki ya ce an kama mai laifi, uwata kuma tana can a rana."

Ya dube ta, ya dubi agogonsa. "Rabin awa," ya ce.

*

Nas na nan maƙale a jikin bango. Auta ta ja ta cikin ɗakin Inna ta turo ƙofa.

"Faɗa mini gaskiya, ina kika je?"

"Asibiti. Duk Talata nake kai maigidana wankin ƙoda. Takwas da rabi nake fita, in sa sakata, in dawo kafin sha biyu. Na san ban kyauta ba, amma wa zai kai shi?" Ta miƙo katin asibiti, ga hatimin yau, ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin.

"Wa ya san kina fita?"

"Duk wanda ke gida da safe. Ɓoyuwa nake yi?" Sai ta kama hannun Auta ta matse. "Ba wannan ne abin tsoro ba. Na yi mata allurar suga da safe, amma rabin abincinta kawai ta ci. In ta kai la'asar sakaliya ba ta sa komai a baki ba, za ta kwanta ne kamar mai barci, shi ke nan."

Auta ta dubi wayarta. Biyu da kwata.

*

Maigadi dattijo ne, idonsa ya yi rauni amma kunnensa ya fi na zomo. Ya ce ƙofar gida a buɗe ta wuni tun takwas har sha biyu saboda tankar ruwa, shi kuma yana baya riƙe da tiyo.

"To mota ta fita?"

"Haba 'yata! Akori-kurar Yayanki in ta tashi, har gilashin taga rawa yake yi. Ga ta can ba ta motsa ba, a ƙafa ya tafi kasuwa. Ta mai shagon sama kuwa tari take yi kafin ta kama. Kunnena bai taɓa cin amanata ba. Da ƙafa aka fita da ita."

A kan maganarsa jama'a suka wuni suna neman tsohuwa a lunguna. Auta ba ta musa masa ba. Ta koma bakin ɗakin Inna ta tsuguna. Inna tana jan ƙafar hagu, don haka sawunta ba ya ɓuya: taku ɗaya, ja ɗaya. A hanyar ƙofar gida an tattake komai. Amma a gefen baranda, inda ba mai bi, sai ga jan ƙafar a kan rairayi. Bai nufi ƙofa ba. Ya kwana ya shiga rumfar motoci, ya ƙare daidai ƙofar baya ta wata farar mota, irin wadda take gyarawa kullum, mai tashi da batir ba ko tari.

Ta ɗora tafin hannu a kan bonet. Rumfa inuwa ce, amma ƙarfen da ɗumi.

*

Motar ta Malam ce, ɗan hayan sama, mai koyarwa a makarantar da ke bayan layi. Da ƙafa yake zuwa aiki. Da ya ga Auta ta ciro makullinsa daga allon gindin matakala, sai ya taso. Haka tsarin gidan yake: rumfa ƙarama, motoci na tare juna, kowa yana rataye makullinsa a nan don a iya matsar da ta wani.

"Me za ki yi da motata? Tun jiya da yamma ba ta motsa ba!"

"To me ya ɗumama ta, Malam? Zazzaɓi take yi?"

Wata ta ce daga baya, "Ai shi ne ya ce makon jiya, in ba a ɗauke tsohuwar nan ba shi zai ɗauke ta, ta hana shi barci da ihu!"

Nan take taron ya juya, kamar ba su ne suka so cinye Nas ɗanya ba. Malam ya yi tsuru-tsuru. "Faɗa ne kawai, wallahi faɗa ne!" Biri dai ya yi kama da mutum, har Sajan ya matso kusa da shi.

Auta ta shiga ta danna maɓalli. Motar ta tashi shiru. Allon gaba tas, ba fitilar gargaɗi ko ɗaya. Abu ɗaya ne ya tsaya mata a ido: agogon motar na nuna huɗu da minti goma, wayarta kuma uku saura ashirin.

Ta ja motar gaba ta dawo baya, sau biyu, sau uku. Sai fankar batir da ke baya ta fara gurnani kamar wadda aka shaƙe, jar fitila mai kusurwa uku ta kama, wata ruwan ɗorawa ta biyo ta.

"Innalillahi! Ban taɓa ganin wannan ba," in ji Malam.

Ta ciro na'urarta mai karanta lalurar mota daga jaka ta soka a ƙarƙashin sitiyari. Irin wannan mota ba ƙwaƙwalwa ɗaya gare ta ba, akwatuna ne da yawa, kowanne da abin da yake tsarewa. Akwatin inji wayam, an share shi. Amma akwatin babban batir yana da nasa littafin, kuma bai manta ba. Lamba ɗaya ya riƙe: batir ya yi zafi, iska ba ta isa gare shi. A ƙarƙashinta ya rubuta yawan tafiyar motar a lokacin da abin ya faru. Ta duba na yanzu ta cire. Kilomita talatin da huɗu.

Ta buɗe ƙofar baya ta durƙusa. A gefen kujera akwai 'yar taga mai raga, inda batir ke shaƙar iska. Ta zura yatsu biyu, ta jawo wani abu da aka cusa da ƙarfi. Hankici ne mai ɗigon shuɗi, yana ƙanshin man zafin Inna. Tun da mantuwa ta kama ta, duk ramin da ta gani sai ta toshe shi da tsumma, wai kunama za ta fito.

Auta ta danne kukan da ya taso mata. Ta shafa cikin mazaunin taya, yatsanta ya fito fari fat. Farar ƙura irin wannan sai hanyar wurin fasa dutse. Amma hanyar nan rassa gare ta kamar jijiya, kuma ba ta san ko a tafiya fitilar ta kama ko a dawowa ba. In ta bi su ɗaya bayan ɗaya, rana za ta faɗi. Bakin wanda ya tuƙa motar take buƙata.

Saura wuri ɗaya. Ta buɗe but ɗin bayan motar, ta ɗaga murfin gefen dama, inda ƙaramin batir yake ɓoye. Ta daɗe tana kallon kan batirin. Sannan ta miƙe ta rufe but ɗin.

*

A falon ƙasa ta tara su, ta rufe wa 'yan kallo ƙofa: Sajan, Nas, Maigadi, Malam, da Yaya a kujerar kusurwa.

"A motar Malam aka fita da Inna," ta ce, ta ajiye hankicin a tebur. "Baba Maigadi bai yi ƙarya ba. Motar ce ba ta da murya in tana tafiya a hankali. Shi ya sa aka zaɓe ta. Inna ta toshe wa batir hanci, ya yi zafi, jar fitila ta kama a hanya. Wanda ke tuƙi ya san in Malam ya ga fitila zai yi tambaya. Da ya dawo, sai ya yi abin da ake yi wa tsofaffin motoci: ya cire kan batir ya mayar, fitila ta mutu."

"To wa ke nan?" in ji Sajan. "Rabin awarki ta wuce."

"Motar nan in an cire mata batir, agogonta komawa yake yi ƙarfe ɗaya ya fara lissafi daga nan. Na same shi a huɗu da minti goma, wayata kuma uku saura ashirin. Awa uku da minti goma ke nan da aka mayar da kan batir. Sha ɗaya da rabi, Yallaɓai. Malam, kana ina?"

"A aji! Yara arba'in shaida ne, har ƙarfe ɗaya!"

"Nas tana asibiti, ga hatimi. Baba, in na ce ka nuna mini batirin motar nan, ina za ka buɗe?"

"Gaba mana, ina kuma?"

"Malam fa?"

Malam ya sosa ƙeya. "Ba a gaba yake ba?"

"A but yake. Sai mai sana'a ya san haka." Auta ta ci gaba: "Kuma mai sana'ar nan hannunsa ya saba, ko a firgice yake. Bai iya ɗaura kan batir ya bar shi tsirara. Sai ya shafa masa girisi, ya danna da babban yatsa, ya ja layi biyu a gicciye don ya gane aikinsa. Ina shekara sha biyu ya kama yatsana ya koya mini."

Ba wanda ya kalli kusurwa, sai Auta.

"Yaya, ina Inna?"

"Ke, kin san da wa kike magana? Ni na goya ki!"

"Na sani. Ina Inna?"

"Motoci nawa na taɓa a gidan nan? Girisi laifi ne?"

"Ɗanye ne, Yaya, ko ƙura bai ɗauka ba. Ka zage ni gobe, ka mare ni jibi. An yi mata allura, ba ta ci abinci ba. Nas, faɗa masa."

Nas ta faɗa masa. Auta tana kallon fuskarsa ta ga bai san wannan ba. Sai ƙaton mutumin nan ya zame daga kujera ya zauna a ƙasa.

"Shekara shida," ya ce. "Ke kina zuwa ranar hutu da lemo, ki yi awa biyu ki tafi. Ni nake wanke ta in Nas ta tashi. Ni take kira ɓarawo, ta tara mini jama'a. Matata ta kwashe yara ta tafi tun ranar da Inna ta kunna wa labule wuta suna ciki. Na gaji, Auta. Wallahi na gaji."

Maganar ta soke ta, don gaskiya ce. Amma ba lokacinta ba ne.

"Ina ka kai ta?"

"Ba yar da ita na yi ba! Gidan kula da tsofaffi, na bayan wurin fasa dutse. Wata huɗu da suka wuce na je, suka ce ba sa karɓar mai dangi, sai wanda aka tsinta. To na sa su tsince ta. Na zaunar da ita a bencin ƙofarsu, na ba ta gorar ruwa, na ce kada ta motsa ina zuwa. Na buga ƙofa da ƙarfi na gudu. Yanzu haka tana kan gado, an ba ta abinci. Ta fi samun kulawa a can."

Auta ta matso kusa da shi.

"Ka jira an buɗe?"

"Da na jira ai sun gan ni."

"Yaya, ni nake gyara musu motarsu. Rijiyarsu ta ƙafe, sun tashi sun koma cikin gari tun watan jiya. Ba kowa a gidan nan. Ko maigadi babu."

Ƙarar da ya yi, har 'yan kallo na waje suka ja da baya.

*

Malam da kansa ya ce a ɗauki motarsa. Auta ke tuƙi, Sajan a gefenta, Nas a baya rungume da jakar magani da ƙullin sukari, Yaya kusa da ita ya haɗa kai da gwiwa. Jar fitilar na nan a kunne, amma an buɗe wa batir hanci, Auta ta san zai kai su. Abin da ba ta sani ba shi ne abin da za su tarar.

Kwalta ta ƙare, farar ƙura ta fara. Motocin dutse sun daina wucewa. Ba gida, ba bishiyar kirki, sai rana. Duk tsumman da iska ta maƙala a ƙaya, sai gabanta ya faɗi ta ɗauka zanin Inna ne. In Inna ta tashi ta shiga dajin nan fa? Ga ramukan da aka haƙe dutse, wasu sun fi tsayin gida zurfi. Auta ba ta iya haɗa addu'a ɗaya cikakkiya ba, farkonta kawai take ta maimaitawa.

"Hagu," in ji Yaya. Can kuma, "Dama."

Huɗu saura kwata suka hango katangar, da ƙofar ƙarfe mai sarƙa da kwaɗo. Ga benci. Inuwar da ke kansa da safe ta koma bayan katanga tuntuni, ta bar shi a tsakiyar rana. A kansa akwai wani abu a dunƙule, ba ya motsi.

Auta ba ta san lokacin da ta fita daga motar ba.

"Inna! Inna!"

Kan ya ɗago a hankali. Leɓɓanta sun tsage, gumi mai sanyi ya jiƙa mata goshi, hannuwanta na karkarwa a cikin zani. Ta dubi Auta kamar baƙuwa.

"Baiwar Allah, lafiya?"

"Ni ce, Inna. Tashi mu shiga inuwa."

"A'a. Ɗana ya ce kada in motsa, yana zuwa."

Nas ta kawo sukari bakinta, Inna ta kau da kai ta datse haƙora. Auta ta kama ta za ta ɗaga, ta ƙanƙame bencin da ƙarfin da ba a san tana da shi ba.

"Mintuna muke da su," Nas ta raɗa. "In ta suma, ba zan iya ba ta ta baki ba."

Auta ta waiwaya. Yaya na tsaye jikin mota, ya kasa takowa. A lokacin nan ta tsane shi kamar ta mutu, kuma ba wanda take buƙata a duniya sama da shi.

"Zo nan!" ta daka masa tsawa.

Ya zo yana haɗa hanya, ya durƙusa a gaban bencin. Inna ta ƙura masa ido. Sai fuskarta ta saki.

"Ka daɗe," ta ce. "Dubi yadda rana ta gasa ka."

Ta zura hannu cikin zaninta ta fito da gorar ruwan. Cike take, ko murfin ba a karya ba. Awa biyar tana zaune a nan.

"Ungo, na ajiye maka. Na san za ka dawo da ƙishi."

Sajan ya juya baya yana kallon katanga. Yaya ya kifa goshinsa a kan gwiwar Inna, kafaɗunsa na girgiza. Auta ta karɓi gorar ta murɗe murfin, Nas ta zuba sukari ta girgiza, Auta ta ɗago hannun wanta ta danƙa masa.

"Ba yanzu za ka yi kuka ba," ta ce. "Ka kurɓa ta gani, sannan ka ba ta. Daga hannunka kaɗai za ta sha."